Dawar Bakin Hanya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin malamin gona a ƙasar Birnin Gwari, kuma a duk takardun da suka bi ta hannuna babu wadda ke tayar mini da zuciya in na tuna ta kamar wani fom mai gida biyu. A gaban sunan kowane manomi an zana gida biyu, ɗaya an rubuta "ya shuka", ɗaya "bai shuka ba". Aikina in sa alama a ɗaya daga ciki. Da wannan fom aka auna binciken da wani mutum ya yi shekara da shekaru yana yi, aka ce ya yi kyau, ya amfani talakawa. Ni na cika shi da hannuna.

Bayan yaƙin basasa ne da 'yan shekaru. Ina zaune a Tsohon Birnin Gwari da matata da 'ya'ya uku, na haura talatin da biyar, saboda haka kada wani ya yi mini uzurin ƙuruciya. Gwamnati ta ba ni babur, ina zagaya ƙauyuka daga wajen Tabanni har Saminaka, ina koya wa mutanen da suka fi ni sanin noma yadda ake noma. Su kuma suna haƙuri da ni. Su ba ni ruwa, su saurara, in na tafi su ci gaba da abin da suke yi.

A lokacin ne wani Dokta ya fara zuwa mana daga wata cibiyar binciken aikin gona ta jami'a. Ɗan ƙasa ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Kafin shi duk mai binciken da na taɓa yi wa rakiya Bature ne, don haka ranar da na ga baƙar fata irina ya fito daga jif ana ce masa Dokta, wallahi sai na ji kamar ni aka ba digirin. Mutum ne mai fara'a, ba ya ƙyamar tuwon kowa, yana tsugunawa ya gaida tsofaffi. Ina faɗin haka ne don a san ba ƙinsa nake yi ba. Da mugu ne ma, da abin ya fi mini sauƙin haɗiyewa.

Abin da ya kawo mana wata dawa ce da ya daɗe yana haɗa irinta. Gajeriya ce, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, zangarniyarta ƙatuwa, kuma tana nuna da wuri. A gonar gwajinsu, can inda ruwa ke ɗaukewa da wuri, ta yi abin a zo a gani. Mu kuwa nan bakin daji ruwa ba ya sakinmu da sauri. Dawarmu doguwa ce, ta kusa tsayin mutum biyu, ba ta gaggawa, sai sama ta bushe take nuna.

Da Dokta ya jibge buhunan irin a ofishina ya ce mai so ya zo ya ɗiba, da gara ce kaɗai za ta amfana. Amma saboda ladabinsa sai ya ce a'a, da hannunsa zai raba. Muka bi ƙauye ƙauye, yana aunawa da gwangwanin madara, yana durƙusawa yana miƙa wa kowane magidanci da hannu biyu. Bai san nauyin da ya ɗora musu ba. A wajen mutanen nan, Musulminsu da Kiristansu, in baƙo ya ba ka iri hannu da hannu, ba a dafawa, ba a ba kaji, ba a jefawa bayan rumbu. Dole ka shuka, kuma a inda in ya biyo hanya zai gani. Rashin yin haka kamar ka mayar wa mutum kyautarsa ne a gaban jama'a.

A wani ƙauye kusa da Tabanni akwai sarkin noma, dattijo ɗan Gbagyi, gajere kakkaura, wanda in ya yi magana a kan shuka ba a ƙarawa. Ya karɓi nasa gwangwanin, ya murza ƙwayar a tafin hannu, ya ɗauki guda ya ciza. Ya tambayi kwana nawa take yi. Dokta ya faɗa masa, yana murmushi.

"Madalla, Likita," in ji dattijon. "Allah ya saka. Mun gode ƙwarai."

Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai na same shi yana gyaran ƙotar garma.

"Baba, yaya ka ga irin?"

"Malam, kai ma ai ka sani. Dawar da ta nuna ruwa bai ɗauke ba, ta tsuntsu ce da fumfuna. Karanta bai kai ƙugu ba, da me zan yi darni? Da me zan rufe rumbu? Biri ma ba sai ya wahala da hawa ba, yana zaune zai ci."

"To me ya sa ka karɓa har da godiya?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar da yaro ma ba zai yi ba.

"Mutum ya taso daga nesa, da iliminsa, ya durƙusa ya ba ka iri, ka ce ba ka so? Haba, Malam. Zan ba ta kunya uku a bakin hanya. Baƙo raɓa ne, gobe sai ya wuce."

Haka kuwa aka yi, ba tare da an yi taro an shirya ba. Da damina ta zauna, duk gonar da ta taɓa hanya sai ka ga kunya uku ko huɗu na gajeriya a gaba, daga nan doguwa ta ɗauka har inda ido ya tsaya. Ina so a fahimci wannan: ba wanda ya ɓoye komai. Doguwar tana nan tsaye, makaho ma in ya shafa zai ji. Sai dai a tsakiyar damina gajeriya ta riga ta fitar da kai, tana ta ƙyalli, doguwa kuwa ganye ne zalla, sai ka ce ita ce raguwar.

Na faɗa wa Dokta. Wannan kam na yi, kuma shekaru na yi ina lallashin kaina da shi. Muna zaune a gindin wata ɗorawa muna cin dafaffiyar gyaɗa na ce, "Ranka ya daɗe, kunya uku-uku ce fa. Kara suka yi maka. Ba wanda zai ci."

Bai yi fushi ba. Ya ɓare gyaɗa, sannan ya ce, "Malam, fom bai tambayi kunya nawa ba."

Sai ya shiga yi mini bayanin yadda ake auna su a jami'a, kamar mai neman in tausaya masa. Ya ce ba wanda ke duba ko aikinka ya cika ciki. Ana ƙirga takardu nawa ka buga, a wace mujalla, ta gida ko ta ƙasar waje, domin ta waje ɗaya ta fi ta gida uku. Ana ƙirga mutum nawa suka ambaci takardarka a cikin tasu. Yanzu kuma, da yake ƙasa ta samu 'yanci ana ta cewa ilimi ya yi wa talaka amfani, an ƙaro wani awo: manoma nawa suka karɓi abin da ka binciko. Ya ce akwai wani abokin aikinsa da ya shekara bakwai yana bin dalilin da ya sa doguwar dawa ta dace da ƙasa irin tamu, ya rubuta takarda ɗaya tak mai kyau, yana nan inda aka ɗauke shi, ƙannensa sun wuce shi.

"Ba ni na zana fom ɗin ba," in ji shi. "Kai dai cika abin da aka tambaye ka. Sun shuka ko ba su shuka ba?"

Na ce sun shuka. Ai kuwa sun shuka.

A cikin marka wani kwamitin awo ya zo, mutum uku, Bature ɗaya da 'yan ƙasa biyu. Kwana biyu suka yi. A kwana biyun nan ban ga takalmin ɗayansu ya taɓa taɓo ba. Jif ya tsaya a bakin hanya, su fito, ɗaya riƙe da laima, ɗaya riƙe da fayil, a kira mai gona, ni in yi tafinta.

"Ka shuka sabon iri?"

"Na shuka."

"Ka ji daɗinsa?"

"Mun gode Allah, mun gode Likita."

Sai a sa alama, a shiga mota. Gonar da ba ta bakin hanya kuwa, fom ɗina ne ya tsaya mata. Mutum ɗaya suka samu bai shuka ba, shi ma ranar rabon iri yana kwance da ciwon ƙafa, ba a ba shi ba. A kan wannan bawan Allah suka tsaya kusan rabin awa suna Turanci, suna tattauna taurin kan manomin Afirka, shi kuma yana tsaye yana murmushi, yana zaton yabonsa ake yi. Ɗaya daga cikin 'yan ƙasar ya nuna doguwar dawa da biro ya ce a rubuta cewa tsohon iri har yanzu bai fitar da kai ba. Aka rubuta. Ɗan manomi ne fa, na ji shi da kunnena yana faɗa a mota. Ban san a wace shekarar karatu aka cire masa idon ba.

Da kaka ta zo, kunyoyin bakin hanya suka zama abin da sarkin noma ya faɗa. Ba wanda ya damu. Wasu suka sake wa awaki, wasu suka bar wa tsuntsaye sadaka. Kowa ya cika rumbunsa da doguwa. Da abin ya tsaya nan, da labarin dariya nake ba ku.

A daminar nan ne wani tsohon soja ya zo ya nemi fili a wajen Saminaka, can inda gonaki suka ƙare daji ya fara. Kirista ne daga kudancin jihar, an sallame shi bayan yaƙi, kowa Kofur yake ce masa. Dogo ne siriri, tsaye kyam, ya yi makarantar mishan yana karanta Turanci, kuma duk abin da aka buga a takarda ya ɗauke shi kamar umarnin kwamanda. Ya ga gajeriya tana ƙyalli a bakin hanya lokacin da yake sharar filinsa. Lokacin da ta lalace kuwa ba ya nan, ya tafi gida ɗauko matarsa da 'ya'yansa huɗu. Duk abin da ya fito da shi daga soja ya zuba a filin nan da ɗakuna biyu na jinka.

Kafin damina ta biyu cibiyar ta buga wata 'yar takarda ta raba, wai manoman ƙasar Birnin Gwari sun rungumi sabon iri hannu biyu. Wata safiya Kofur ya shigo ofishina da ita a ninke a aljihun gaba. Aka yi rashin sa'a Dokta yana nan zaune. Bai fi minti goma ba da gama faɗa mini cewa ya sa sunana a shafin godiya na rahotonsa, kuma ya rubuta a tura ni kwas na wata tara, wanda in na dawo za a ƙara mini girma. Ina cikin jin daɗin wannan Kofur ya ƙame ya sara wa Dokta, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, na karanta takardan nan. Na ga mutane sun shuka kaɗan-kaɗan, na san iri ne bai ishe su ba. Ni ina so in sa shi a gona duka. Kai ne na gwamnati a nan. Yana da kyau?"

Na dubi Dokta. Dokta yana duban takalminsa. Kalma biyar za ta isa: Kofur, kada ka yi haka. Ko in ce ya dawo gobe. Ko in raka shi waje kamar zan nuna masa wani abu in raɗa masa. Duk na san waɗannan hanyoyin, ba a ranar na fara aiki ba.

Na ce, "Ai ga shi ka gani a takarda. Kowa ya shuka."

Ban yi ƙarya ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Irin amsar fom ɗin na ba shi. Dokta ya miƙe da murna ya kama hannunsa, ya sa aka ɗora masa buhu guda a keke.

Maƙwabtansa sun yi iyakar abin da al'adarsu ta yarda. Ranar da aka yi masa gayyar huɗa, wani dattijo ya ce masa, "Kofur, a dai bar wa tsohuwar dawa ɗan wuri." Ya yi dariya ya ce zamani ya canja, Baba. Ba su sake magana ba. A wajensu ba a yi wa magidanci gardama a cikin gonarsa, balle baƙo, balle wanda malamin gona da Likita suka sa wa hannu. Shi kuma ya ɗauka tsoron sabon abu ne irin na mutanen ƙauye, kamar yadda takarda ta faɗa.

Gonar ta yi kyau, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Soja ne, layukansa kamar an ja da zare, ba ciyawa ko ɗaya. Da kwamiti ya dawo a markar shekara ta biyu, nan ne kaɗai suka shiga cikin gona, har da mai laima. Daga wannan gefe zuwa wancan zangarniya ce jere, ba doguwa ko ɗaya da za ta ɓata musu hoto. Kofur ya sa tsohuwar rigarsa ta soja, matarsa ta ɗaura sabon zane, aka jera yaran daga babba zuwa ƙarami. Baturen ya ɗauki hoto ya fi goma. Suka ce wannan shi ne manomin zamani. Ni ma ina cikin hoto ɗaya, a gefe, ina washe baki.

Bayan tafiyarsu da sati uku dawar ta nuna, ruwa kuwa ko alamar ɗaukewa bai yi ba. Na daɗe ina zagaye hanyar Saminaka, ina ƙirƙiro aiki a wasu wurare. Ranar da na daure na je, tun kafin in kashe babur wari ya tare ni, irin na dussar da ta kwana uku a ruwa. Zangarniyar nan da aka yi wa hoto ta yi baƙi ƙirin. In ka kama sai ta dame a hannunka, wani wuri farar fumfuna, wani wuri ƙwayar ta tsira tana kan kara. Wadda ba ta ruɓe ba kuma tsuntsaye sun same ta, domin a duk faɗin yankin ita kaɗai ce hatsin da ya nuna, sai dajin gaba ɗaya ya juyo kanta. Yaran suna ta gudu daga wannan gefe zuwa wancan suna kaɗa gwangwani, muryarsu ta dishe. A ƙarshen gonar na hangi birai zaune a ƙasa, suna janyo kai da hannu ɗaya suna ci, ba ko gaggawa.

Kofur yana tsakiya da lauje yana yanke abin da zai yanku. Ya gan ni ya ɗaga hannu.

"Malam, sannu da zuwa. Ruwa ne ya yi mana yawa bana."

Ruwan bana daidai yake da na bara da na bara waccan. Na ce, "Haka ne, Kofur. Sai haƙuri." Na hau babur na tafi.

Abin da suka tsira da shi suka shanya a ɗaki, kusa da murhu. Tuwonsa baƙi, da ɗaci, yaran suna ci cikinsu yana ɓaci. Da kaka ta yi, maƙwabta suka kawo musu dami-dami, Musulmi suka sa su cikin masu karɓar zakka, 'yan cocinsu suka haɗa nasu. Sarkin noman nan na wajen Tabanni da bai taɓa ganinsa ba ya aiko da dami biyu a kan jaki. Mutanen kirki ne, amma ba a ciyar da gida mai baki shida shekara guda da kyauta. Kafin tsakiyar rani na fara ganin Kofur a kasuwa da itace a ka, yana kauce wa idon mutane. Ƙaramar 'yarsa gashinta ya yi ja, ya kakkarye.

A nan ne na yi jarumtar da ba ta da amfani. Na zauna na rubuta wa kwamitin wasiƙa shafi biyar. Na faɗi al'adar karɓar iri, na faɗi kunya uku, na faɗi ruwa da fumfuna da tsuntsu da biri, na faɗi abin da ya sami Kofur. Abu ɗaya na tsallake, wato abin da na ce masa a ofis. Bayan wata biyu amsa ta zo, layi shida, an buga da tafireta mai kyau. Sun gode da sha'awata ga aikin bincike. Amma abin da na rubuta ra'ayi ne, ba a buga shi a wata mujalla ba, masana ba su tantance shi ba, don haka ba zai shiga awo ba. Kuma, in ji su, gona ɗaya ba ta isa hujja ba.

Gona ɗaya ba ta isa hujja ba! A cikin ambulan ɗin nan suka haɗo mini da rahoton nasu, kuma a bangonsa ba kowa ba ne sai Kofur da rigar soja, da matarsa, da yara huɗu a jere, da zangarniya har ƙarshen hoto. Tana tsaye ta isa hujja, da ta ruɓe ta zama gona ɗaya.

Dokta ya zo sau ɗaya a ranin nan. Na ce sai ya je ya gani, ya kuwa bi ni, ban yi zato ba. Kofur ba ya gida. Matar ta fito ta gaishe mu, ta kawo ruwa, sannan ta shiga ta ɗauko wani ragowar kan dawa da ya bushe da baƙinsa ta ajiye a gabansa. Na ga fuskarsa ta canja, na ce a raina to, yau dai ya ji. Ya ɗauka yana jujjuyawa, ya ciro wani ɗan gilashi daga aljihu ya duba. Sai ya buɗe jaka ya ɗauko ambulan ya saka shi a ciki, ya rubuta wuri da kwanan wata a baya.

A mota ya ce mini, "Ka san ba wanda ya taɓa rubutu a kan irin wannan fumfunar a yankin nan? Wannan ma takarda ce."

Ta kuwa zama takarda. Daga dawar nan ya fitar da ta tsayin kara, da ta nauyin zangarniya, da ta yadda manoma suka karɓa, da wata kuma ta yadda manoma suka karɓa ɗin dai an juya ta an canja mata suna, sannan ga ta fumfuna. An aika da su ƙasar waje, ga mutanen da ba su taɓa sa tuwon dawa a baki ba, suka duba suka ce aiki ya yi inganci. Wasu suka ambace shi a nasu takardun, wasu suka ambaci waɗanda suka ambace shi, kowace ambato ana ƙirga masa. Ba a daɗe ba ya zama Farfesa. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan dai na ga an yi masa daɓe an sa masa fitila, kuma ba wanda za ka kama ka ce kai ne maƙaryacin. Manoma sun yi ladabi, kwamiti ya ƙirga abin da aka ce ya ƙirga, Dokta ya rubuta abin da aka ƙirga, ni na sa alama a gidan da ya dace.

Ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka, wata safiya ina ofis na ji an yi sallama. Kofur ne. Ya rame har rigar ta yi masa yawa, amma tsayuwar tana nan. A bakin hanya wata motar katako tana jira, na hango matarsa da yaran a sama, a kan tabarmi da tukwane. Ya ce ya bar wa wani filin da ɗakunan, za su tafi Kaduna, wani da suka yi soja tare ya ce ana neman masu gadi. Na fara jero addu'o'in da ake yi wa matafiyi. Ya bari na gama.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi, ba faɗa na zo ba. Mutanen nan sun gaya mini yadda abin yake, sai bayan an gama. Su ban riƙe su ba, haka suke. Kai nake so in ji. Ranan da na zo nan da takarda na tambaye ka, ka sani?"

Na so in ce ban tabbata ba, na so in kawo zancen wasiƙata mai shafi biyar.

Na ce, "Na sani."

Ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Bai zage ni ba, bai ce Allah ya isa ba, da ya yi ma da na samu abin riƙewa. Ya gyara tsayuwa ya sara mini, yadda ake sara wa na gaba, ya juya ya tafi. Na tsaya a ƙofa har aka ja shi sama motar ta tashi.

A satin nan fom na shekara ta uku ya iso, mai gida biyu kamar kullum, da sunayen bara an riga an buga. Sunan Kofur ne na farko, don shi ne abin alfaharinsu. Na aika na tambaya a wane gida zan sa mutumin da dawar ta kora daga ƙasar. Akawun cibiyar ya aiko da amsa a ɗan guntun takarda: wanda ya ƙaura ba a sa shi a "bai shuka ba", don kada ya rage adadi, a soke sunansa kawai.

Na ɗauki rula na ja layi a kan sunan, a miƙe, da jan biro. Bayan sati biyu na tafi kwas ɗina.